Toka, Laim, Siminti ko Ciko: Me Za a Yi wa Baƙar Laka Kafin a Ɗora Mata Gini?

Wanda ke da fili a Numan, Deba, Dikwa, Marte ko Gamboru Ngala ba sai an yi masa dogon bayani a kan baƙar laka ba. Da rani takan bushe ta yi tauri, ta daddare har hannun mutum ya shige cikin tsagar. Ruwan farko na sauka sai tsagar ta haɗe, ƙasa ta kumbura ta yi danƙo, ta riƙe takalmi, ta riƙe tayar mota. Ita ce Kanuri ke kira firgi, Fulanin arewacin Kamaru ke kira karal, ƙasar da ake dasa masakwa a kanta bayan ɗaukewar ruwa. Manomi yana sonta saboda riƙe laima, magini kuwa ba ya ko son ganinta. Injiniyoyi sun daɗe da ƙiyasta cewa ta mamaye wajen murabba'in kilomita 104,000 a arewa maso gabashin Najeriya, ta kuma zarce cikin Kamaru da Chadi. Irinta ce ta shimfiɗe a filayen Jazira na Sudan.

Tun da kuɗin siminti ya fi ƙarfin mutane da yawa, maganar toka ta yawaita. Ɗalibai suna rubuta kundin kammala karatu a kanta, masu gini suna tambaya: ga toka jibge a bayan gidan burodi, ba mai so, me zai hana a cakuɗa ta da laka a huta da sayen siminti? Tambaya ce mai kyau, kuma akwai gaskiya a cikinta. Amma ra'ayina tun daga nan shi ne toka tana gyara halin laka, ba ta ɗaure ta. Wanda ya gane bambancin nan zai amfana da ita. Wanda ya ɗauke ta a matsayin siminti na kyauta zai biya kuɗin gyaran bango nan da damina biyu ko uku.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙafa

Baƙar laka cike take da wani ma'adinin yumɓu da ake kira montmorilonait. Ƙwayoyinsa falle-falle ne, sirara ƙwarai, ruwa yana kutsawa tsakaninsu ya raba su, sai ƙasa ta tashi. Idan ruwan ya fita sai su koma su matse. Ƙarfin da take turowa da shi yayin kumbura yakan ninka nauyin da gida mai hawa ɗaya ke ɗora mata sau da yawa. Shi ya sa ƙaramin gida, katanga, ajin makaranta da daɓen tsakar gida suka fi babban bene shan wahala a kanta: ba su da nauyin da za su danne ta.

Da a ce duk filin tashi yake yi tare ya sauka tare, da ɓarnar ba ta kai haka ba. Ƙasar da ke ƙarƙashin tsakiyar gini a rufe take, laimarta ba ta cika sauyawa ba, gefuna kuwa suna shan ruwa da damina suna shan rana da rani. Gefe ya motsa, tsakiya ta tsaya, sai bango ya tsage a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa. Ƙofar da ke rufuwa lafiya a watan Maris sai ta cije a watan Agusta.

Wannan motsi ba a saman ƙasa kaɗai yake ba. Yakan kai zurfin mita 1 zuwa 3, gwargwadon wuri da tsawon rani. A riƙe wannan da kyau, domin duk abin da za a cakuɗa, toka ce, laim ne ko siminti, iyakar aikinsa inda shebur ya kai. Idan an gyara santimita 30 na sama, lakar da ke ƙasa tana nan da halinta.

Laim

Na fara da laim domin shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Ana samunsa ne ta hanyar ƙona dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai wajen digiri 900, sannan a shayar da shi ruwa ya zama farin gari. Aiki biyu yake yi wa laka. Na farko nan take ne: kalsiyam ɗin da ke cikinsa yana maye gurbin sinadaran da ke manne a jikin ƙwayoyin yumɓu, sai ƙwayoyin su dunƙule, danƙo ya ragu, ƙasar da ke kama shebur jiya ta koma mai warwarewa. Na biyu a hankali yake tafiya, makonni har watanni. Laim yana ɗaga kaifin ƙasa, irin kaifin kanwa, zuwa 12.4 a ma'aunin pH mai auna tsami da kaifi, a wannan kaifi silika da alumina da ke jikin yumɓu suke narkewa, su haɗu da kalsiyam su zama wani abin ɗauri ɗan'uwan na siminti. Aiki na biyun nan shi ke ba da ƙarfi mai ɗorewa, kuma ba ya ci gaba sai in kaifin bai sauka ba.

Yawanci kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na nauyin busasshiyar ƙasa ake sa wa. Yana da haƙuri da mai aikin hannu, don bayan an cakuɗa an yayyafa ruwa akan bar shi kwana ɗaya zuwa uku ya ratsa curin laka kafin a sake juyawa a danne. A kan laka mai yawan danƙo, babu wanda ya kai shi rage kumburi.

Matsalarsa samu. Siminti yana kowace kasuwa, laim kuwa sai an nema wajen masu sayar da sinadarai a manyan birane, ga kuɗin dako. Akwai kuma ruɗu: ba kowane farin gari ne laim ba. Farar ƙasar shafe bango da garin dutsen da ake zubawa a gona ba a ƙona su ba, ba za su yi aikin ba ko an zuba tifa guda. Laim ɗin da ya daɗe a buɗe yana shan iska shi ma ya mutu. Sannan idan ƙasa tana da gishirin salfet da yawa, haɗa ta da laim ko siminti kan haifar da wani sabon kumburi, wanda gwajin ɗakin bincike ne kawai ke nuna shi tun da wuri. Masu ƙaramin aiki su san cewa farin ragowar kabaid da masu walda da gyaran jikin mota ke zubarwa kusan duk laim ne, kuma an gwada shi a kan ƙasa a jami'o'in Najeriya. Ga daɓen ɗaki ɗaya ko biyu, ya cancanci a neme shi.

Siminti

Siminti ba ya jiran yumɓu ya ba shi komai, da ruwa kaɗai yake ɗaurewa, kuma cikin kwana bakwai an ga ƙarfinsa. Ga shi kusa: Ashaka a jihar Gombe, Kalambaina a Sakkwato, Obajana a Kogi, Gboko a Binuwai, Malbaza a Nijar. Sai dai shi abokin ƙasa mai yashi da tsakuwa ne, irin jar ƙasa da marmara. A kan baƙar laka yana da wuyar sha'ani. Laka ba ta yarda ta farfashe, sai siminti ya lulluɓe bayan curi ya bar cikinsa ɗanye, ruwa na shiga curin ya kumbura ya fasa ɓawon. Don haka ake buƙatar mai yawa, kashi 10 cikin 100 ko fiye, kuma dole a gama dannewa cikin kamar awa biyu da zuba ruwa. Leburori huɗu da shebur ba za su iya wannan tsere a fili mai faɗi ba. Bayan haka shimfiɗar tana da tauri marar lanƙwasa, idan lakar ƙasa ta motsa sai ta karye.

Toka

Yanzu ga wadda ta tara mu. Abin da ya fi yawa a tokar itace shi ne kalsiyam, sai fotasiyam da magnesiyam da ɗan silika. Jin kalsiyam ne ke sa mutane su ce ai laim ce. Ba haka abin yake ba ɗari bisa ɗari. Wutar murhu ba ta kai zafin matoyar laim ba, saboda haka mafi yawan kalsiyam ɗin da ke cikin toka yana nan a yanayin alli, wanda ba ya tsinana wa yumɓu komai sai cika wuri. Kaɗan ne ke da rai, kuma shi ma da toka ta sha iska ko ruwa sai ya koma alli. Fotasiyam kuwa mai narkewa ne. Shi ne kaifin da mata ke tacewa a ruwan toka, shi masu sabulun salo ke nema. Ruwan da ya iya fitar da shi a ƙwarya zai iya fitar da shi a ƙarƙashin daɓe.

Duk da haka toka tana aiki, kuma an auna. Farfesa Celestine Okagbue na Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ya wallafa sakamakon gwajinsa a 2007. Ya samu cewa tokar itace ta rage danƙon yumɓu da kashi 35 cikin 100, ta ƙara masa juriyar nauyi da kashi 23 zuwa 50 a gwajin CBR, wanda injiniyoyi ke auna ƙarfin ƙasar hanya da shi, kuma kashi 10 cikin 100 na toka ne ya fi ba da sakamako. Sai dai ƙarfin da aka samu ya hau na ɗan lokaci ne, bayan kwana 7 zuwa 14 ya fara sauka. Abin da ya yanke shi ne toka tana ba da wasu daga cikin amfanin laim, amma da wuya ta maye gurbinsa. Wannan ya dace da abin da muka faɗa a sama. Ɗan laim ɗin da ke cikin toka ya isa aiki na farko, wato kashe danƙo, amma bai isa ya riƙe kaifi har a yi aiki na biyu ba. Aikinta ya yi kama da garin da mai burodi ke barbaɗa wa kwaɓi: yana hana shi kama hannu, ba shi ke gasa shi ba.

A tsaya a kan kashi 50 ɗin nan, don shi ne lambar da ke ruɗar mutane. Ƙarin rabi abu ne mai daɗin ji, amma ƙari a kan me? Baƙar laka idan aka jiƙa ta, sau da yawa CBR ɗinta ba ya kai 5. A ce 4 ne, a ƙara masa rabinsa, ya zama 6. Ƙa'idar gina hanyoyi da gadoji ta gwamnatin tarayya, bugun 1997, tana neman 30 ga shimfiɗar tsakiya bayan an jiƙa, da 80 ga shimfiɗar da kwalta ke hawa kanta. Tsakanin 6 da 30 akwai tafiya. Duk mai karanta sakamakon bincike ya nemi lambar ƙarshe, kada ya tsaya a kan yawan ƙarin.

Wani abu kuma, toka ba iri ɗaya ba ce. Buhun siminti na yau da na gobe abu guda ne, toka kuwa ta danganta da itacen, da zafin wutar, da inda ta kwana. Tokar gidan burodi da ke cin itace mai tauri a wuta mai ƙarfi, fara ko ruwan toka mai haske, ita ce ta gaba. Ta murhun gida ta kan zo da gawayi, yashi da ƙasa. Ta karan dawa da ciyawa fotasiyam da silika sun fi yawa a cikinta, kalsiyam kaɗan. Ta juji kuwa, wadda leda da batir da katako mai fenti suka ƙone a ciki, a bar ta inda take. Tulin da damina ta wanke ya riga ya gama yayinsa.

Lissafi

Ana cewa banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma lissafi ne ke nuna hakan a nan. Ɗauki gida mai faɗin mita 12 da tsawon mita 15, ana son gyara santimita 30 a ƙarƙashin daɓensa. Ƙasar ta kama kubik mita 54, idan kowane kubik ya auna tan 1.6 bayan dannewa, an sami wajen tan 86. Kashi 10 na toka tan 8.6 ke nan, nauyin buhun siminti 172, kuma da yake toka ba ta da nauyi, buhunan da za ta cika sun fi haka nesa. Laim a kashi 5 tan 4.3 ne. Siminti a kashi 10 buhu 172. Idan hanya ce mai faɗin mita 7.3, shimfiɗa ɗaya ta santimita 15 za ta ci toka wajen tan 175 a kowace kilomita.

To daga ina? Busasshen itace yakan bar toka kashi 1 zuwa 2 ne kacal cikin 100 na nauyinsa. Tan 8.6 na toka ragowar itace tan 430 zuwa 860 ne. Ke nan ba tokar gida ɗaya ba ce, ba ta unguwa ɗaya a wata guda ba. Sai an yi yarjejeniya da gidajen burodi, masu turara shinkafa, masu suya da ɗakunan girkin makarantun kwana, a riƙa kwashewa kafin ta jiƙe, a tankaɗe, a ɗure a buhu, a ajiye ƙarƙashin rufi. Dako, buhuna, rariya da ladan masu tankaɗe duk kuɗi ne. Kuma toka ba marainiya ba ce, manoma suna ɗibarta zuwa gona, marina da masu sabulu suna so. Abu ɗaya da ba zan yi shiru a kansa ba: kada wani ya sare itace ya ƙona don ya samu tokar gini. A yankin da hamada ke matsowa, wannan ɓarna ce da ta fi ta tsagewar bango. Amfanin toka duk yana cikin kasancewarta ragowar wutar da aka riga aka hura don wani abu.

Inda toka ke da daraja

Darajarta tana fitowa idan ta shiga a matsayin mataimakiya. A fara cakuɗa laka da toka, a bar ta kwana ɗaya ko biyu. Toka ta tsotse laima, ta kashe danƙo, curi ya farfashe. Sannan a kawo laim ko siminti, wanda yanzu zai ratsa ko'ina, kuma ba sai mai yawa ba, tunda toka ta riga ta ɗauke masa aikin farko. Wannan hanya ce binciken Najeriya ya fi karkata gare ta. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Farfesa Kolawole Osinubi da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna gwada baƙar lakar arewa maso gabas da tokar tukar rake da tokar ɓawon ɗorawa, kuma galibi tare da laim ko siminti suke haɗa su. A Numan, inda laka take, nan kamfanin sukari yake, tukar rake ba ta yankewa.

Tokar ɓuntun shinkafa ta cancanci ambato daban, ganin yadda injinan casa suka yawaita a Kano, Jigawa da Kebbi. Ita akasin tokar itace ce, fiye da kashi 80 cikin 100 ɗinta silika ne, kalsiyam kusan babu. Ita kaɗai ba ta ɗaure komai, amma idan ta haɗu da laim tana ba shi silikar da yake buƙata. Sharaɗin shi ne ta ƙone ta yi fari-fari ba tare da wuta ta zarce kamar digiri 700 ba. Baƙar da ba ta gama ci ba gawayi ce.

Magabatanmu sun san wani abu a nan. A marina irin ta Ƙofar Mata a Kano, dagwalon da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, cakuɗen toka da ragowar baba, akan kwashe shi a cura, a shanya, a sake ƙona shi, a daka. Shi ne katsi. Magina su haɗa shi da gashin jima da ruwan dafara su yi laso, wanda ake shafe rijiyar rini da rufin soro da shi don kada ruwa ya ratsa. Ba tokar murhu suke ɗiba kai tsaye ba, sai sun sake mayar da ita wuta. Kuma shafe suke yi da ita, siririn rufi, ba su ɗora mata nauyin gini ba. Tubalinsu kuwa da jar ƙasa suke yi, ba da lakar fadama ba.

Ciko, da maganar ruwa

Hanya ta huɗu ita ce wadda magina suka fi sabawa da ita: a haƙe lakar a kwashe, a kawo jar ƙasa ko marmara a cike, a danne falle-falle. Ba ta buƙatar sanin sinadari, kuma ita kaɗai ce cikin huɗun ke iya kaiwa zurfin mita ɗaya ko fiye ba tare da injin cakuɗa ba. Nauyin cikon ma yana taimakawa wajen danne lakar da ta rage. Gidan da muka yi lissafinsa zai ci kubik mita 180 a zurfin mita ɗaya, wato sama da sawu 20 na tifa mai ɗaukar kubik 10 idan aka lissafa matsewa. A Gombe ko Biu, inda jar ƙasa da tsakuwa ke kusa, wannan mai yiwuwa ne. A filayen Dikwa da Ngala, inda za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ko tsakuwa ba, dako ne zai cinye kuɗin, kuma a nan ne gyara lakar wurin ya fi ma'ana. Gargaɗi ɗaya: kada a cika ramin da yashi zalla. Rami a cikin laka kwano ne, yashi zai bar ruwa ya shiga ya kwanta a gindi, ya jiƙa lakar da a da ruwa ba ya kai mata.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin ya fi duk huɗun muhimmanci, kuma shi aka fi sakaci da shi. Laka ba ta motsi sai laimarta ta sauya. Daɓen kankare mai faɗin mita ɗaya da rabi kewaye da gida, mai gangare zuwa waje, indararon da ke zuba cikin kwata ba gindin bango ba, masai da ramin wanka nesa da harsashi, bututun da ba ya yoyo, duk waɗannan sun fi buhu ɗari na kowane gari tasiri. Haka itatuwa. Darbejiya da turare suna zuƙe ruwan ƙasa da rani, gefen da suke ya nutse. A nisanta su da bango aƙalla gwargwadon tsayin da za su kai idan sun girma. Na san inuwa tana da daɗi a garin zafi, amma a dasa ta a tsakiyar fili, ba jikin ɗaki ba.

To wanne za a zaɓa?

Ga tsakar gida, turken dabbobi, filin shanya, hanyar ƙafa da ta amalanke a ƙauye, inda burin kawai a rage caɓi da santsi, toka ita kaɗai ta wadatar, kashi 10 cikin 100, a rufe da tsakuwa, a kuma yarda cewa za a riƙa sabuntawa. Haka idan damina ta kama aiki, ana son busar da wuri don baro da tifa su shiga.

Ga ƙarƙashin daɓen ɗaki da kewayen gida, zaɓina toka da laim tare, toka wajen kashi 10, laim kashi 3 zuwa 4, a tabbatar da adadin ta gwaji. Idan laim ya gagara, a yi toka sannan siminti. Idan jar ƙasa tana kusa kuma da araha, a yi ciko a huta, toka ta tsaya a gyara gindin ramin kafin a fara zubawa.

Ga harsashin da zai ɗauki bango, babu ɗaya daga cikin garin nan da zan dogara da shi, balle toka. Wannan aikin injiniya ne: ko a zurfafa har a wuce inda laima ke sauyawa, ko a zuba faffaɗan kankare mai rodi da katakan kankare a ƙarƙashinsa wanda zai motsa a dunƙule, ko a kafa ginshiƙai masu kumburarren gindi irin waɗanda ake amfani da su a Indiya saboda irin wannan ƙasa, a ɗora bangon a kansu. Ga titin mota kuwa laim ne a gaba, toka ta shigo idan akwai masana'antar da ke fitar da ita da yawa a kusa.

Kowanne aka zaɓa, rashin kyawun aiki na iya ɓata shi. A auna da nauyi, ba da ido ba. A farfasa laka tun tana da ɗan taushi har curi ya gaza santimita 2, a cakuɗa a bushe sai launi ya zama ɗaya, sannan a yayyafa ruwa. Ka dunƙula a hannu ka saki daga daidai ƙugu: in ta fashe gida uku ko huɗu, laima ta yi daidai, in ta warwatse ta bushe da yawa, in ta lafe ruwa ya yi yawa. A danne santimita 15 a lokaci guda, kada a zuba 30 a daki sama. A rufe da leda ko jiƙaƙƙun buhuna kwana bakwai. Masu aiki su sa takalmin roba, safar hannu da abin rufe hanci, don jiƙaƙƙiyar toka da laim suna cin fata, suna kuma illa ga ido.

Kafin a sayi komai, akwai gwajin da kowa zai iya yi a gida. A ɗebo laka daga zurfin da za a yi aiki, a shanya, a daka, a raba kashi biyar: ɗaya zalla, ɗaya da toka, ɗaya da laim, ɗaya da toka da laim, ɗaya da toka da siminti. A danna kowanne a gwangwani iri ɗaya da ƙarfi ɗaya, a yi bibbiyu, a ɗaure a leda. Rukuni na farko a tsoma shi a ruwa bayan kwana 7, na biyu bayan kwana 28, a bar su su kwana. Za a ga wanda ya narke, wanda ya kumbura ya tsage, da wanda ya fito da siffarsa. Na kwana 28 shi ne mai faɗin gaskiya game da toka.

Wannan ba ya maye gurbin ɗakin gwaji idan gida ne ko makaranta za a gina. Sassan injiniyan gine-gine na jami'o'in Zariya, Bayero, Maiduguri, Bauchi da Yola suna da kayan auna ƙasa, haka cibiyar binciken gini da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, wadda aka kafa a 1978. A kai musu laka daga zurfi daban-daban, tare da ainihin tokar da za a yi aiki da ita, ba wata ba. A nemi su auna danƙo, kumburi da salfet, su kuma ba da ƙarfin cakuɗen bayan kwana 28 da bayan an jiƙa shi kwana huɗu. Idan ɗan kwangila ya kawo takarda mai sakamakon kwana 7 kaɗai, kuma a bushe, a ce masa ya koma ya kawo sauran kafin a sa hannu.